Mahaifiyata ta daina gane mu cikin kwana biyu, likita ya ce ciwon mafitsara ne

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70. Kusan shekara uku ke nan mantuwa ta fara damunta: ta tambaye ka abu ɗaya sau da yawa, ta rasa raka'a nawa ta yi a salla, ta ɓoye kuɗi ƙarƙashin katifa ta ce jikoki sun sace. Muna cewa gigin tsufa ne. Watan jiya, cikin kwana biyu ta rikice gaba ɗaya. Ba ta gane ni ba, tana cewa ga mutane tsaye a ɗakinta, da tsakar dare ta ɗaure kayanta wai za ta gidan babanta. A asibiti aka ce ciwon mafitsara ne, aka ba ta magani. Bayan mako guda ta dawo hayyacinta, amma ba kamar da ba. Likita ya ce dama tana da cutar mantuwa, kuma ciwon ya tayar mata da kumburi a ƙwaƙwalwa. Yayana bai yarda ba. Ya ce ina ruwan mafitsara da kai, wannan asiri ne, kuma yana zargin abokiyar zamanta saboda rabon gidan da Baba ya bari. Yana so a kai ta ƙauye wurin mai magani. Ni kuma na ga tallar wani kafso mai tsada a Facebook wai yana wanke kumburin ƙwaƙwalwa, mai kemis kuma ya ce mu riƙa ba ta diclofenac kullum. Me zan yi? Kuma ni ma zan gaji wannan cuta?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri.

Tambayar yayanki tambaya ce mai ma'ana, kada ki raina ta. Ina ruwan mafitsara da kai? Likitoci ma sun daɗe suna ganin wannan abu a gadon asibiti kafin su fara gane dalilinsa. Amsar tana wurin wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙwaƙwalwa waɗanda ba a cika jin labarinsu ba, don haka ki yi haƙuri in fara da su.

In ana maganar ƙwaƙwalwa, hankalin kowa yakan tafi ga ƙwayoyin jijiya, masu aika saƙon da ke sa a gani, a yi magana, a tuna. A 2009 wata mai bincike 'yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙidaya su, suka samu kimanin biliyan 86 a kan mutum ɗaya. Suka kuma samu cewa ƙwayoyin da ba na jijiya ba sun kusa kai wannan adadin. Galibinsu su ne ake kira giliya. Likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda ya sa musu suna a 1856, ya ɗauka aikinsu kawai cike gurbi da riƙe jijiyoyi kada su wargaje. Aka shafe shekaru masu yawa a kan haka. Yanzu an san cewa wasunsu, asturosait, su ke kai wa ƙwayoyin jijiya abinci, su kwashe rarar sinadarai daga inda jijiya ta haɗu da jijiya, su kuma taimaka wajen tsare shingen da ke hana duk abin da ke cikin jini kutsawa cikin ƙwaƙwalwa. Wasu kuma su ke naɗe jijiyoyi da wani kitse don saƙo ya yi sauri.

Waɗanda suka shafi Hajiya kai tsaye su ne maikurogiliya, waɗanda Pío del Río Hortega ya bayyana a Madrid ta ƙasar Sifaniya a 1919. Su ne wakilan garkuwar jiki da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwa tun mutum yana cikin mahaifa. A 2005 masu bincike a Jamus suka leƙa ƙwaƙwalwar ɓera mai rai da na'ura, suka ga cewa waɗannan ƙwayoyi ba sa hutawa: kullum suna miƙa rassansu suna janyewa, suna lalube, har su kewaye ko'ina cikin 'yan awoyi. In sun tarar da matacciyar ƙwaya ko datti su cinye. In sun ji ƙwayar cuta ko rauni su yi gangami.

Ki ɗauke su kamar mai gadin gida. Mai gadin da ya samu barci da rana, in ya ji motsi a bakin titi zai haska fitila ya duba, ya koma ya zauna. Amma wanda ya shekara uku yana fama da ɓarayi ba dare ba rana, ƙaramin motsi a maƙwabta ya ishe shi ya tashi a firgice yana kai duka, har ya sami mutanen gidan da aka sa shi tsarewa.

Ga yadda abin yake faruwa a jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, ko huhu, ko wani gyambo, fararen ƙwayoyin jini sukan saki wasu sinadarai na saƙo cikin jini. Saƙon yana isa kai ta hanyoyi da dama: ta wata doguwar jijiya da ta haɗa kayan ciki da ƙwaƙwalwa, ta bangon jijiyoyin jini na cikin kai, da ta wasu 'yan wurare inda shingen nan bai da kauri. Ba dole sai ƙwayar cutar kanta ta shiga kai ba. Maikurogiliya suna jin saƙon sai su ma su saki nasu sinadaran. A jikinki da nawa, abin da ke biyo baya shi ne kasala, rashin son abinci da son kwanciya, irin abin da kowa ya sani in zazzaɓi ya kama shi. A ƙwaƙwalwar da cutar mantuwa ta riga ta taɓa kuwa, maikurogiliya sun daɗe a tsaye suna kokawa da tarin wani furotin mai suna amiloid da kuma ƙwayoyin jijiya masu mutuwa. Hugh Perry na Jami'ar Southampton a Ingila da Colm Cunningham, wanda daga baya ya ci gaba da aikin a Dublin, sun nuna a jikin ɓeraye cewa irin wannan ƙwaƙwalwa tana mayar da martani fiye da kima in cuta ta taɓa wani sashe na jiki, dabbar ta ruɗe na ɗan lokaci, wasu ƙwayoyin jijiyarta kuma su mutu. A 2009 Clive Holmes da abokansa a Southampton suka bi mutum 300 masu cutar Alzheimer, wato ɗaya daga cikin nau'o'in cutar mantuwa, har wata shida. Kusan rabinsu sun yi wani ciwo ko rauni a tsakani, kuma tunaninsu ya ja baya da saurin da ya ninka na sauran sau biyu. Abin da kika gani ke nan da kika ce ta dawo amma ba kamar da ba. Wannan ne kumburin da likita yake nufi. Ba shi kaɗai ke jawo rikicewar ba, domin ƙarancin ruwa, ƙarancin iska a jini, hawa ko faɗuwar sukari da wasu magunguna duk suna sa hannu, amma yana cikin manyan dalilai.

To, abin da na fi so ki riƙe daga duk amsar nan shi ne abu biyu ne ke damun Hajiya, kuma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru. Rikicewar farat ɗaya, wadda likitoci ke kira diliriyam, cikin awoyi ko kwanaki take zuwa, tana lafawa da safe ta tsananta da dare. Ta farkon har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Ta biyun kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita a jiki, kuma sau da yawa ana iya gano shi a magance. Saboda haka duk ranar da kika ga Hajiya ta sauya tsakanin jiya da yau, kada kowa ya ce ai gigin ne ya ƙaru. A ranar za a kai ta asibiti, ba jibi ba. A duba fitsari, a duba maleriya, a saurari ƙirji, a auna sukari da gishirin jini, a tambayi yaushe rabonta da bayan gida, a duba ko fitsari ya taru mata a mara ya ƙi fita, a duba baki da haƙora da ƙafa da gadon baya ko akwai gyambo. Tsoho kan yi mummunan ciwo jikinsa bai yi zafi ba, kuma mai mantuwa ba lallai ta iya cewa ga inda ke mata ciwo ba. Ki kuma lura da wani nau'in da ya fi wuyar ganewa, wanda ba ihu ba tashin hankali: sai dai ta yi shiru, ta yi ta barci, ta daina cin abinci. Mutanen gida sukan ce alhamdulillahi ta samu natsuwa, alhali ciwon ne ke cin ta. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta faɗi ta bugu a kai, wannan ko awa ɗaya kada a jira.

Kada kuma jin wannan ya sa ku riƙa sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis duk lokacin da ta ɗan ruɗe. Tsofaffin mata da yawa suna da ƙwayoyi a fitsari ba tare da suna yi musu illa ba. In aka tsaya a kan fitsari kawai, sai a bar ainihin dalilin yana nan.

Maganar diclofenac, a'a. Ki bar shi. Tunanin da mai kemis ya yi, cewa maganin kumburi irin diclofenac zai kwantar da kumburin ƙwaƙwalwa, manyan masana ma sun yi shi, kuma an gwada. A Amurka an ɗebi mutum kimanin 2,500 'yan shekara 70 zuwa sama, aka ba wasu naproxen, wasu celecoxib, wasu kuma ƙwaya marar magani, don a ga ko maganin kumburi zai hana cutar Alzheimer. A ƙarshen 2004 aka dakatar da ba da magungunan saboda fargabar illarsu ga zuciya, kuma da aka ci gaba da bin mutanen ba a ga sun kare kowa ba. A Birtaniya an gwada minocycline, wanda ke kwantar da maikurogiliya a jikin dabbobi, a kan masu cutar fiye da 500 har shekara biyu, shi ma bai rage komai ba. Dalili ɗaya shi ne maikurogiliya ba abokan gaba ba ne da za a ce a kashe su a huta. A 2013 rukuni biyu na masu bincike, ɗaya a Aisland ɗaya a Landan, suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda maikurogiliya ke amfani da ita wajen gane datti da kwashe shi, yana ninka haɗarin cutar kusan sau uku. Wato rauninsu cuta ne, wuce gona da irinsu ma cuta ne, kuma har yau ana neman maganin da zai daidaita su. Diclofenac kullum a jikin mace mai shekara sama da 70 kuwa, abin da aka tabbatar yana jawowa shi ne gyambon ciki mai zubar da jini, lalacewar ƙoda da hawan jini. In tana da ciwon gwiwa ko baya, likita ya zaɓa mata abin da ya dace, domin ciwon da ba a kula da shi ba shi ma yana rikita tsoho.

Kafson Facebook kuma ki riƙe kuɗinki. Ko sababbin alluran da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024, waɗanda ke manne wa amiloid don maikurogiliya su kwashe shi, rage saurin cutar kawai suke yi. A gwajin lecanemab ragin ya kai kimanin kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga waɗanda cutar ta fara kamawa kaɗai, kuma sai ana ta ɗaukar hoton kai saboda sukan jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. In wannan ne iyakar abin da aka cim ma bayan kashe dukiya mai yawa, me zai sa a yarda da mai talla da ke cewa yana wanke kai da kwalba uku? Yana ɓata mini rai yadda ake farautar masu jinya a daidai lokacin da suka fi rauni.

Abin da aka tabbatar yana aiki ba a kwalba yake ba. A 1999 Sharon Inouye ta Jami'ar Yale ta wallafa sakamakon wani tsari da aka gwada a kan tsofaffi 852 da ke kwance a asibiti. Ba sabon magani aka ba su ba. Ana dai tuna musu rana da wuri da sunayen masu kula da su, ana tayar da su su taka, ana ba su ruwa isasshe, ana sa musu tabarau da na'urar ji, ana barin su su yi barci da dare ba tare da ƙwayar barci ba. Rikicewa ta sauka daga kashi 15 cikin 100 zuwa kusan kashi 10. Duk wannan kina iya yin sa a gida. A bar ta a ɗakin da ta saba, da kayanta inda ta san su. A buɗe taga da safe ta ga rana, a fito da ita tsakar gida, da dare a bar ƙaramar fitila don inuwar kaya kada ta zame mata mutane. Lokutan salla su zame mata agogo: ki ce "Hajiya, an kira la'asar, yau Talata," ba tare da kin yi mata jarrabawa ba. Ruwa kuma sai an miƙa mata, domin tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, balle a zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu. Kunu, fura, kankana, duk suna cikin lissafi, sai dai in tana da ciwon sukari ko likita ya ƙayyade mata ruwa. In azumi ya zo, ku tambayi likita da malami tun kafin a ga wata. In idonta ya yi yana, a duba yiwuwar yi mata aiki. In kunne ya toshe, a duba shi.

Ki tattara duk abin da take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki zuba a leda ki kai wa likita. Piriton, diazepam, tramadol, maganin tari mai kodin da wasu magungunan murɗar ciki suna cikin masu rikita tsofaffi. Kada ki tsayar da wanda likita ya rubuta da kanki, ki dai nuna masa. Ki kuma nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na lafiyar tunani, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A nan ne za a tantance wace irin cutar mantuwa ce, domin ba duka ne Alzheimer ba, wata daga hawan jini da toshewar ƙananan jijiyoyin jini take. Za a kuma duba ƙarancin sinadarin B12 da matsalar maƙoƙo, waɗanda ke kawo mantuwa kuma suna da magani.

Yanzu yayanki. Ina ganin tsoro ne da baƙin ciki ke magana a bakinsa. Ganin uwa ta kalle ka ta ce wane ne kai ba ƙaramin abu ba ne, kuma zuciya takan fi samun sauƙi in ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Kada ki ja da shi a gaban mutane, kada kuma ki ce masa bai waye ba. Ki same shi shi kaɗai ki ce: "Yaya, ka tuna ranar da aka fara ba ta maganin asibiti, ka tuna ranar da ta kira sunanka?" Shi da kansa ya ga abin da ya dawo da ita. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita na gaba, ya yi tambayarsa da bakinsa. Addu'a da karatun Alƙur'ani a ɗakinta babu mai hana su, muryar da ta saba ji ma tana kwantar mata da hankali. Ki tuna masa aya ta 70 a Suratun Nahl, inda Allah Ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Wannan hali sananne ne tun kafin a haifi kowa a gidanku. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ɗauke ta zuwa ƙauye. Doguwar tafiya, baƙon ɗaki, baƙin fuskoki, hayaƙi a rufaffen wuri, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, balle ɗauri ko duka da sunan fitar da iska, kowanne daga cikinsu ya isa ya sake jefa ta cikin abin da ta fito.

Zargin abokiyar zamanta kuwa, ina roƙonku da ku janye shi tun bai fita daga gida ba. In Hajiya da kanta ta taɓa furta wani abu a kanta, ki sani cewa zargi yana cikin alamomin cutar. Matar da Alois Alzheimer, likitan Jamus da aka sa wa cutar sunansa, ya yi bayani a kanta a 1906, Auguste Deter, wadda aka kwantar a asibitin Frankfurt tana da shekara 51, cikin abin da aka fara gani a wurinta har da zafin kishi da zargin mijinta. Kin ga yadda Hajiya ta ce jikoki sun sace kuɗin da ita ta ɓoye. Ba ku kama jikokin ba. To dattijuwar nan ma haƙƙinta ɗaya da nasu. Rabon gado a bar shi ga masu ilminsa, kada a cakuɗa shi da jinya. Wataƙila ma ita ce ta fi kowa sanin abin da Hajiya ke so da wanda ba ta so, bayan shekarun da suka yi gida ɗaya.

Batun ko za ki gada: irin cutar da ke bin gida kai tsaye, daga uwa zuwa 'ya, ba ta da yawa, kuma galibi tun kafin shekara 60 take bayyana. Wadda ta zo bayan 70 tana ɗan ƙara haɗari ga 'ya'ya, amma ba hukunci ba ce. Akwai wani dogon bincike da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa tsofaffin Yarabawa na Ibadan suna kamuwa da cutar mantuwa ƙasa da rabin yadda baƙaƙen fatar Indianapolis ke kamuwa, kuma masu binciken sun karkata ga bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini a cikin dalilan. Abin da ke hannunki ke nan: ki auna hawan jini da sukari, in akwai ki riƙe magani, ki riƙa tafiya da ƙafa, ki kula da jinki da ganinki.

Ki kuma yi barci. Wasiƙarki ta nuna ke ce ke kwana da ita. Ku zauna da yayanki da sauran 'yan'uwa ku raba kwanakin mako, kowa ya san darensa, wanda ba ya gari ya ɗauki kuɗin magani ko na mai taimako. Ku ajiye ƙaramin littafi a ɗakinta, duk mai kwana ya rubuta abin da ta ci, ruwan da ta sha, fitsari da bayan gida, da yadda ta kwana. Da shi za ku gane sauyi tun a ranar farko, kuma shi za ku miƙa wa likita. Daren farko ki ba yayanki.

Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya haɗa kanku.